Darasi Na Sha Biyu: Taron Bita Kan Buɗaɗɗun Bayanai

Buɗaɗɗun bayanai su ne waɗanda aka yarje wa kowa ya duba, ya kwafa, ya yi aiki da su ba tare da biyan kuɗi ko neman izini ba, kamar kasafin kuɗin jiha, ko jerin makarantu da asibitocin ƙaramar hukuma. Nijeriya ta shiga ƙawancen gudanar da mulki a buɗe, wato OGP, a shekarar 2016, jihar Kaduna kuma ta bi sahu a 2018. Sai dai buɗe bayani daban, iya aiki da shi daban. Shi ya sa ake shirya tarukan bita, musamman a watan Maris lokacin Ranar Buɗaɗɗun Bayanai, inda ɗalibai da malamai da 'yan jarida kan zauna da wayoyinsu su koya wa juna.

Babban abin da ke ba mahalarta wahala shi ne suna. Ga misali a nan kusa da mu: wani ya rubuta Kafanchan, wani Kafancan, mutanen asalin wurin kuwa Fantswam suke cewa. Mutum ya san gari ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba, gari uku za ta ƙirga. To, ku yi tunanin asibitin ƙauye da aka rubuta sunansa iri biyu a jeri biyu. Ranar da aka haɗa jerin don rabon magani, ko a ƙirga shi sau biyu, ko ya ɓace daga lissafi, marasa lafiya su kwana a ciki.

Maganin wannan shi ne haɗaɗɗun bayanai, dabarar da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya shimfiɗa ƙa'idojinta a 2006. Ana ba kowane abu lambarsa, wadda ba ta sauyawa ko da an kira shi da harshe goma. A rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, lambar kan fara da harafin Q. Sannan a ƙulla abu da abu cikin jimla mai gaɓa uku: abin da ake magana a kai, dangantaka, da abin da aka danganta shi da shi. Gwantu, hedikwatar, Ƙaramar Hukumar Sanga. Sanga, tana cikin, jihar Kaduna. Daga jimlolin nan biyu kwamfuta za ta gane cewa Gwantu a Kaduna take, ko da ba wanda ya faɗa mata. Ɗalibin da ya iya fiɗar jimla a ajin nahawu ya riga ya ci rabin aikin.

Masu magana da Tyap sun sami Wikipedia da harshensu a 2022, da ƙoƙarin 'yan sa kai. Sunayen ƙauyuka da rafuka da duwatsun Sanga kuwa, yadda Numana da Ninzo ke furta su, a bakin dattawa suka fi yawa, kuma baƙo ba zai rubuta su daidai ba.

Aiki

Ku tambayi wani dattijo a gida sunan garinku da harshenku da kuma da Hausa. Ku rubuta jimloli biyar masu gaɓa uku a kan garin, ku kawo aji mu gwada su da na juna.