Ina Za Mu Hau Dutse da Abokan Makaranta?

Wani malami daga Gagarawa ya tambayi inda zai kai tsofaffin abokansa hawan dutse a ƙarshen mako.

Ƙasar Gumel, inda Gagarawa take, shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ya fi yawa, don haka sai malam ya nufi kudu. Su haɗu ranar Alhamis a kasuwar shanu ta Maigatari, su yi Juma'a a Gumel, Asabar da asuba su kama hanyar Birnin Kudu. Can ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa suke, da zanen shanu na mutanen da a jikinsu.

Kafin hawa su gaida mai unguwa, su nemi ɗan jagora. Da damina dutse santsi gare shi, gara su bari sai hunturu. Malam, a riƙe ruwan sha, kada kowa ya taɓa zanen.