Injin wanke-wanke: ta yaya zai rage miki kuɗin ruwa da wuta?

Wata uwargida daga Gonin Gora, can bakin hanyar Abuja, ta aiko da kuka. Ta sayi injin wanke-wanke don ta huta, sai ga mitar wuta na zuƙe kati, tankin ruwa kuma na ƙarewa kamar da.

Hajiya, da wuya laifin ya zama na injin. Na zamani, idan aka saita shi a kan Eco, yana shan lita 9 zuwa 12 a wanki ɗaya, wato bai kai rabin jarkar mai ruwa mai lita 25 ba. Ɓarnar tana faruwa ne tun kafin a kunna shi. Mata da yawa sukan ɗauraye kowane faranti a ƙarƙashin famfo sannan su jera, sun yi wanki biyu ke nan. Kankare sauran abinci da cokali ya isa. Tukunyar tuwo kuwa, da ƙanzonta, a jiƙa ta da ruwa kaɗan a wanke da hannu. Muciya, ludayin duma, ƙwarya da akushi kada su shiga, zafi zai fasa su. Tukunyar alminiyum ma takan yi baƙi.

Kada ki kunna sai ya cika. Faranti biyar da faranti hamsin kusan ruwa ɗaya suke ci. Idan ku uku ne a gida kuma kin iya wanki a roba biyu, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya, gaskiya ribar injin a wurinki kaɗan ce. Gidan da ke cike da yara da baƙi shi ke morarsa.

Batun wuta ya fi damuna. Yawancin abin da injin ke ci wajen dafa ruwa yake tafiya, abin dumamarsa kuma yana jan wajen wat 2,000. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kada ki ma gwada. Eco yakan ɗauki awa uku ko fiye, shi ya sa mutane ke gudunsa, amma shi ya fi sauƙin kuɗi, domin yana dumama ruwan zuwa kimanin digiri 50 ne kawai, ya bar lokaci ya yi sauran aikin. Wanki ɗaya bai cika wuce yunit ɗaya ba. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar Band A sama da naira 200 kan yunit a Afrilun 2024, wannan lissafi ya zama dole. Wanki mai zafi sosai ki ajiye shi don ranar da aka yi miyar manja ko suya. Mai sola da inbata mai ƙarfi ta kunna da tsakar rana, lokacin da faifan ke samun rana, kada ta cinye batirin dare. Yana gamawa ki buɗe ƙofar kaɗan, iskar hunturu za ta busar da kayan a kyauta.

Ruwan burtsatse yakan zo da yashi, ya toshe ƙananan hujojin hannun da ke fesa ruwa, sai kwanuka su fito da maiƙo ki sake wanki. Ki sa a ɗaura matata a bututun shiga, ki riƙa ciro ragar ƙasan injin kina wankewa duk mako. A duba tsayin tanki kuma: kowace mita 10 tana ba da ƙarfin ruwa na ma'aunin "bar" ɗaya, injina da dama kuwa suna son aƙalla rabin haka. Idan tankinki gajere ne, mai gyaran famfo zai iya sa miki ƙaramin famfon ƙara ƙarfi.