Yadda Ake Fitar da Sakamakon Gwajin Lilo da Python

Ɗaliban fiziks da injiniyanci kan yi gwajin lilo tun a shekarar farko: a rataye ɗan dunƙulen ƙarfe da zare, a auna lokacin kaiwa da komowarsa, a fitar da ƙarfin jan ƙasa, wato g. Python zai ɗauke maka wahalar lissafin, kuma kyauta ne, ba kamar MATLAB da sai an sayi lasisi ba.

1. Ɗauki awo da kyau. Yi amfani da tsawo biyar ko shida, daga mita 0.4 zuwa 1.2. Auna daga inda aka ɗaure zaren zuwa tsakiyar dunƙulen. Kada ka ja shi gefe fiye da digiri 10. Ƙirga kai-komo 20, ka raba lokacin gida 20, shi ne T.

2. Buɗe wurin aiki. Idan kana da data, shiga Google Colab ta burauza, ba sai ka girka komai ba. Idan intanet na yankewa, girka Anaconda a kwamfutarka, ka buɗe Jupyter Notebook.

3. Shigar da alƙaluman. Rubuta `import numpy as np`, sannan ka zuba tsawo a `L = np.array([...])`, lokaci kuma a `T`. Tsawon ya kasance da mita, lokacin da daƙiƙa.

4. Zana kafin ka lissafa. Rubuta `import matplotlib.pyplot as plt`, sai `plt.scatter(L, T**2)`. Ƙa'idar ita ce T² = 4π²L/g, don haka ya kamata ɗigon su jeru a miƙe. Idan ɗaya ya bauɗe, koma ka sake wannan awon. Goge shi don zanen ya yi kyau maguɗi ne.

5. Ja layi. `m, c = np.polyfit(L, T**2, 1)` zai ba ka gangaren layin, m, da inda ya yanki gefen tsaye, c. Gangaren zai fito kusa da 4.

6. Fitar da g. Rubuta `g = 4*np.pi**2/m`. Littattafai kan ba da 9.81, amma a Kano ko Zariya, da ke kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, ya fi kusa da 9.78.

7. Tuhumi sakamakon. In ka ga abu kamar 980, santimita ka shigar. In g ya fito ɗan mitsitsi, ka manta raba lokacin gida 20. In c ya yi nisa da sifili, mai yiwuwa kuskure iri ɗaya ya bi duk awon tsawon, kamar aunawa zuwa saman dunƙulen.

A rahoton da za ka miƙa wa malami, sa zanen da sunan kowane gefe da ma'auninsa, ka haɗa da alƙaluman asali da lambobin da ka rubuta, domin duk mai shakka ya maimaita lissafin da kansa.