Amsoshin Tambayoyinku: Iskar Oksijin a Jikin Majinyaci

Masu sauraro, tambayarmu ta yau ta fito daga wata Hajiya a Gusau. Tana cewa, an sa wa ƙanenta na'urar taimaka wa numfashi a sashen kulawa ta musamman, to ta yaya likitoci ke gane cewa iskar oksijin tana isa sassan jikinsa?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Na'urar numfashi huhu take kai wa iska. Daga huhu, jini ne ke ɗaukar oksijin zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran sassan jiki.

Abin da aka maƙala masa a yatsa yana haska fata, ya auna yawan oksijin da ke cikin jini. Galibi ana son ya wuce kashi 90 cikin 100. Amma sanyin yatsa ko jan farce na iya ɓata awon, kuma a jikin baƙar fata yakan nuna sama da yadda yake.

Shi ya sa ake ɗibar jini a jijiyar wuyan hannu a gwada. Ana kuma auna wani sinadari mai suna laktet. Idan laktet ya hau, alama ce wataƙila oksijin ba ta wadatar da sassan jiki. Haka nan ana lura da hawan jini da yawan fitsari, domin ƙodar da jini bai ishe ta ba takan rage fitsari.

Oksijin ma idan ta yi yawa tana cutar da huhu, don haka ake daidaita ta gwargwadon buƙata.