Malejin Babur: Shin Gaskiya Yake Faɗa Mana?

Darasinmu na yau a kan babur yake, wato moto. Babur ya zama jakin wannan zamani. A kansa manomin Jiratawa yake ɗora zogale da tumatir zuwa kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a. A kansa mutumin Tibiri yake kai iyalinsa awon ciki. Da shi kuma ƴaƴanmu suke neman abinci ta hanyar kabu-kabu. Saboda haka lafiyar mai babur lafiyar gida ce baki ɗaya.

A gaban mai tuƙi akwai wani agogo mai allura da lambobi. Makanikai suna kiran sa maleji. Aikinsa shi ne ya nuna gudun babur. Idan allura ta tsaya a kan 60, ma'anarta babur zai ci kilomita 60 cikin awa ɗaya. To, shin abin da allurar take nunawa daidai yake da gudun gaskiya?

Mu manoma mun san tiya. Mun san wata tiyar ta fi wata ci, ko da yake sunansu ɗaya. Mai hankali ba ya sayar da geronsa sai ya dubi tiyar da za a auna masa. Maleji ma ma'auni ne. Shi ma yana bukatar dubawa.

1. Yadda maleji yake aiki

Maleji ba ya ganin hanya. Juyawar ƙafar babur kawai yake ƙirgawa. A yawancin baburanmu akwai wata waya da ta taso daga tsakiyar ƙafar gaba ta hau zuwa agogon. Idan ƙafa ta juya, wayar ma sai ta juya. A cikin agogon wayar tana juya wani ɗan maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Shi kuma yana jan wani ɗan faifan alminiyam wanda allura take jikinsa. In gudu ya ƙaru, jan ya ƙaru, allura ta hau. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a ƙasar Jamus a shekarar 1902, kuma har yau ana aiki da ita.

Sababbin babura kuwa wasunsu suna nuna lambobi a kan gilashi, ba su da allura. Su ma juyawa suke ƙirgawa, amma da lantarki.

2. Sabon maleji yakan yi ƙari

Abin mamaki shi ne, ko sabon babur ne fil, malejinsa yakan nuna fiye da gudun gaskiya. Da gangan masu ƙera shi suke yin haka. Akwai wata ƙa'ida ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙa'ida mai lamba 39, wadda ƙasashen Turai da wasu ƙasashe da yawa suke bi. Ƙa'idar ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya. Amma ta yarda ya yi ƙari, muddin ƙarin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, haɗe da kilomita 4.

Ga misali. Idan gudun gaskiya 50 ne, maleji yana iya nuna daga 50 har zuwa 59. Idan gudun gaskiya 80 ne, yana iya nuna har 92. Dalili kuwa a fili yake. Gara mutum ya zaci yana gudu sosai alhali bai kai ba, da ya zaci a hankali yake tafiya alhali ya wuce kima.

Kada wani ya ce, "Ashe ƙari yake yi, bari in ƙara wuta." Wannan kuskure ne babba. Ƙa'idar a kan sabon abin hawa take magana. Babur ɗin da ya shekara biyar yana shan rairayi da ƙura, ya sha canjin taya, halinsa daban ne.

3. Abubuwan da suke ɓata lissafin maleji

Na farko, canjin taya. A gefen kowace taya akwai lambobi. Tayar da aka rubuta wa 2.50-17, idan ta juya sau ɗaya, tana cin kamar mita 1 da santimita 75. Tayar 3.00-17 kuwa tana cin kamar mita 1 da santimita 83. Da yawa daga cikinmu suna son babbar taya saboda rairayi da kaya. Amma maleji bai san an canja ba. Shi juyawa ɗaya yake ƙirgawa, alhali babur ya ƙara santimita 8 a kowace juyawa. Ke nan babbar taya a ƙafar da maleji yake ƙirgawa tana sa shi rage lissafi, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi haɗari.

Na biyu, tayar da ta suɗe ko wadda iskarta ta yi ƙasa. Wannan takan ƙanƙance kaɗan, sai maleji ya ƙara lissafi. Ban da haka, irin wannan taya ba ta riƙe hanya idan an taka birki.

Na uku, ƙura da rashin mai a wayar. Idan muka ga allura tana rawa, tana hawa tana sauka, wayar ta bushe ko ta kusa tsinkewa.

Na huɗu, mutuwar maleji ɗungum. Mu duba babura goma a tasha, mu ga nawa ne allurarsu take motsi. Mai irin wannan babur yakan ce jikinsa yana gaya masa gudu. Jiki kuwa yana ruɗin mutum. Wanda ya daɗe yana gudu a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, idan ya shigo gari yana kan 60, sai ya ji kamar rarrafe yake yi.

4. Yadda za mu gwada malejinmu

Gwajin ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi. A bakin manyan hanyoyi akwai duwatsu masu nuna kilomita. Mu nemi inda tsakanin dutse da mai bi masa kilomita 1 ne. Mu zaɓi wuri miƙaƙƙe a bayan gari, da rana, lokacin da babu cunkoso. Mu tafi mu biyu. Mai tuƙi ya riƙe allura a kan 40, idonsa yana kan hanya. Na baya shi ne zai riƙe agogo, ya ƙirga sakan daga dutse zuwa dutse.

Ga lissafin kilomita 1:

Gudun 30 yana cin sakan 120.
Gudun 40 yana cin sakan 90.
Gudun 50 yana cin sakan 72.
Gudun 60 yana cin sakan 60.

Idan allura tana kan 40 kuma muka ci sakan 90, malejinmu daidai yake. Idan muka ci sakan 100, gudun gaskiya 36 ne, maleji ya yi ƙari kaɗan, babu laifi. Idan kuwa sakan 80 muka ci, gudun gaskiya 45 ne. Wannan maleji yana ɓoye mana gudu, sai a kai shi wurin makaniki. Mai son lissafi da kansa ya raba 3600 da yawan sakan ɗin, abin da ya fito shi ne gudun gaskiya.

Wanda yake da babbar wayar salula, akwai manhajar da take auna gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam. A kan hanya miƙaƙƙiya awonta ya fi na maleji kusa da gaskiya. Amma ita ma na baya ne zai riƙe ta. Mai tuƙi ba ya duba waya.

5. Me ya haɗa wannan da lafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kamar miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara. Shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma nuna cewa idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 fiye da sau huɗu. Bambancin kilomita 15 ne kacal, ɗan motsin allura da ido ba ya ko lura da shi.

Mu duba wani lissafin. Mai gudun 30 yana cin mita 8 a kowane sakan. Mai gudun 60 yana cin kusan mita 17. Idan akuya ko yaro ya faɗo hanya, mutum yakan ɗauki kamar sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Mai gudun 60 ya riga ya ci mita 17 bai ko fara tsayawa ba. Bayan haka, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake bukata yana ninkawa sau huɗu. A kan rairayi, ko da buhu biyu a baya, nisan ya fi haka.

Me gudun yake saya mana? A ce tafiyar kilomita 10 ce. Mai gudun 50 zai isa cikin minti 12. Mai gudun 60 zai isa cikin minti 10. Minti 2 ne ribarsa. Karayar cinya kuwa tana kwantar da magidanci wata da watanni. Idan ta same shi a farkon damina, gona ta tafi, kuɗin magani kuma ya cinye tumakin gida. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

6. Abin da za mu riƙe

Mu gyara malejin da ya mutu, wayarsa ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a gadon likita ba.
Mu sa taya mai lambar da babur ya zo da ita. In mun canja, mu sake gwaji.
Mu duba iskar taya kafin mu ɗora kaya.
Mu bi lambar da take kan allon bakin hanya, mu ɗauki abin da allura ta nuna a matsayin gaskiya, kada mu ƙara kome a kai.
Mu rage gudu a bakin kasuwa, da makaranta, da masallaci, da mashayar dabbobi.
Mu sa hular kwano, mu ɗaure igiyarta, mai tuƙi da wanda aka goya.
Iyaye, kafin mu miƙa wa yaro makulli, mu duba ko allurar tana motsi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne maleji yake ƙirgawa?
2. Me yake faruwa da lissafinsa idan aka sa babbar taya?
3. Wani ya ci kilomita 1 cikin sakan 72. Nawa ne gudunsa na gaskiya?
4. Minti nawa mai gudun 60 ya riga mai gudun 50 a tafiyar kilomita 10?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa ɗan'uwansa mai babur. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.