Sunan Iyali a Matsayin Madubin Tarihi: Asali da Yaɗuwar Sunan Washington

1.0 Gabatarwa

Sunan iyali shi ne sunan da 'ya'ya ke gada daga uba, jikoki kuma su gada daga 'ya'ya, ba tare da ya sauya ba. Wannan tsari ya bambanta da abin da Bahaushe ya saba da shi, inda mutum kan haɗa sunansa na yanka da na mahaifinsa, ta yadda suna na biyu ke canzawa daga tsara zuwa tsara. Saboda ɗorewar sunan iyali a wurin Turawan Ingila, masana tarihi kan iya bin sawun suna guda cikin tsofaffin takardu har tsawon shekara ɗari bakwai ko takwas, su gano inda ya tsiro, da yadda masu shi suka ƙaru ko suka ragu, da kuma wuraren da suka dosa.

Wannan darasi zai ɗauki suna guda ya yi nazarinsa, wato Washington. A Ingila, inda ya samo asali, sunan bai taɓa shiga sahun sunayen da suka yawaita ba. A Amurka kuwa, ƙidayar jama'a ta shekarar 2000 ta sami mutum 163,036 masu wannan suna, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Abin tambaya shi ne, ta yaya sunan wani ɗan ƙauye na arewacin Ingila ya zama sunan dubban jikokin 'yan Afirka? Amsar tana koyar da abu muhimmi game da yadda ake karanta alƙaluman sunaye.

2.0 Yadda Sunayen Iyali Suka Kafu a Ingila

Kafin Normawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, yawancin mutanen ƙasar suna guda kawai suke amsawa. Gadon suna ya fara ne daga manyan masu mallakar ƙasa, sannan a hankali ya gangaro zuwa ga talakawa. Zuwa wajajen shekarar 1400, galibin iyalan Ingila sun riga sun sami sunan da ake gada, ko da yake wasu sassan arewa sun ɗan makara.

Masana sukan kasa waɗannan sunaye gida huɗu. Akwai na sana'a, kamar Smith, wato maƙeri, da Taylor, wato tela. Akwai na uba, kamar Johnson, wato ɗan John. Akwai na laƙabi, kamar Long, wato dogo. Na huɗu su ne sunayen wuri, waɗanda ke nuna garin da mutum ya fito ko ƙasar da ya mallaka. Wannan nau'i ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin irinsa ne ake gani a sunaye kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Sunan Washington yana cikin wannan rukuni na huɗu.

3.0 Asalin Sunan

Washington gari ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da kogin Wear, tsakanin biranen Sunderland da Newcastle. A da yana cikin gundumar Durham. A 1183 aka tsara wani kundi da ake kira Littafin Boldon, wanda ya lissafta ƙasashen da ke ƙarƙashin babban limamin cocin Durham. Kundin ya nuna cewa wani mai suna William de Hertburn ya ba da ƙasarsa ta Hertburn, aka musanya masa da ƙauyen Wessyngton. Kalmar "de" ta Faransanci ce, ma'anarta "na" ko "daga". Da William ya sauya mazauni sai sunansa ya bi shi, aka koma kiransa William de Wessyngton. Wannan ya nuna cewa a wancan lokaci suna bai riga ya daskare ba, yana bin ƙasar da mutum ya riƙe ne. Zuriyarsa ce ta riƙe sunan ya zama na gado. Da tafiya ta yi nisa aka jefar da "de", rubutun kuma ya yi ta sauyawa daga Wessyngton zuwa Wessington har ya tsaya a Washington.

Akwai kuma wani ƙauye mai suna Washington a yankin Sussex, can kudancin Ingila. Don haka ba kowane Baturen Ingila mai wannan suna ne za a ce lallai tsatsonsa na Durham ba ne.

4.0 Dalilin Ƙarancin Sunan a Ingila

Masu binciken yawan sunaye a Ingila sukan dogara da wasu takardu sanannu. Daga ciki akwai jerin masu biyan harajin kai na shekarun 1377 da 1379 da 1381, da rajistar baftisma da aure da jana'iza wadda aka wajabta wa coci-coci ajiyewa tun 1538, da rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati wadda ta fara a 1837, sai kuma ƙidayar jama'a, wadda tun daga 1841 take rubuta sunan kowa da kowa. A 1890 wani masani mai suna H. B. Guppy ya wallafa littafi kan mazaunin sunayen iyali, inda ya zaɓi ƙirga manoma, bisa hujjar cewa manomi ne mutumin da ya fi daɗewa a inda kakanninsa suka zauna.

Irin waɗannan bincike sun fito da wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta. Sunan sana'a yana da tushe da yawa, domin kusan kowane ƙauye yana da maƙerinsa, shi ya sa Smith ya fi kowane suna yawa a Ingila. Sunan ƙaramin wuri kuwa sau da yawa daga gida ɗaya ko biyu yake fitowa, saboda haka ɗorewarsa ta rataya ne a kan 'ya'ya maza na wannan gida. Idan annoba ta faɗo, kamar wadda ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa a 1348 da 1349, ko kuma aka haifi 'ya'ya mata zalla, sai reshe guda ya yanke. Wannan matsala ta ɓacewar sunaye har ta ja hankalin masana lissafi, inda Francis Galton da Henry Watson suka yi nazarinta a shekarun 1870.

Haka ta faru ga gidan Washington na asali. A wajajen 1400, gadon gidan ya faɗa hannun 'ya mace, ƙasar ta koma ga wani dangi ta hanyar aure. Sunan ya tsira ne ta wurin wani reshe da ya riga ya ƙaura yamma, ya zauna a Warton cikin gundumar Lancashire. Daga wannan reshe aka sami Lawrence Washington, attajirin ulu, wanda ya gangara kudu zuwa Northampton, ya yi magajin garin sau biyu, kuma ya sayi gandun Sulgrave a 1539, a lokacin da Sarki Henry na Takwas yake ƙwace dukiyar gidajen ibada yana sayarwa. Ke nan cikin shekara kusan 350 sunan ya tashi daga arewa maso gabas, ya bi ta arewa maso yamma, ya sauka a tsakiyar ƙasar, amma bai yi yawa a ko'ina ba.

5.0 Tsallaka Teku

Yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 ya taɓa wannan gida. Wani Lawrence Washington, limamin cocin Purleigh a gundumar Essex, ya rasa muƙaminsa a 1643 saboda ana ganin yana goyon bayan sarki. Ɗansa John ya shiga fataucin taba ta jirgin ruwa, ya isa Virginia a wajajen 1657, ya yi aure, ya sami ƙasa, ya zauna. Tattaɓa-kunnensa shi ne George Washington, wanda aka haifa a 1732, ya jagoranci yaƙin neman 'yancin Amurka, ya zama shugabanta na farko daga 1789 zuwa 1797, ya rasu a 1799. Tambarin gidan, wato taurari uku a saman ratsi biyu, shi ne aka mayar tutar babban birnin Amurka a 1938.

Abin lura a nan shi ne, George Washington bai bar ɗa na cikinsa ba. Saboda haka mutumin da ya fi kowa ɗaukaka sunan bai ƙara masa ko mutum ɗaya ta hanyar haihuwa ba. 'Yan'uwansa sun hayayyafa, amma zuriyarsu ba ta kai ta bayyana alƙaluman ƙidayar 2000 ba. Dole a nemi bayanin a wani wuri.

6.0 Bauta, 'Yanci da Zaɓin Suna

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa baƙaƙen fata masu wannan suna jikokin bayin George Washington ne. Takardun tarihi ba su goyi bayan wannan zato ba, sai a ɗan ƙaramin ɓangare. A 1799 akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon. Daga cikinsu 123 ne mallakarsa, kuma ya yi wasiyyar a 'yanta su, aka cika wasiyyar a farkon 1801. Waɗanda aka san sunayen iyalinsu a gandun suna amsa wasu sunaye ne dabam, irin su Lee da Judge da Sheels. Akwai dai wanda tarihi ya sani da Harry Washington, haifaffen Afirka ta Yamma, wanda ya tsere daga gandun a 1776 ya bi sojojin Birtaniya. An kai shi Nova Scotia a 1783, sannan a 1792 ya shiga ayarin da ya kafa Freetown a Saliyo. Ta wurinsa sunan ya taka ƙasar Afirka tun kafin ƙarni na 18 ya ƙare.

Wasu kuwa sun sami sunan daga wasu iyayen gijin masu suna Washington. Misali, wani Joseph Washington ya tashi daga Virginia zuwa Tennessee a 1796, ya kafa gandun taba da aka raɗa wa suna Wessyngton, irin tsohon rubutun nan na Durham. Zuwa 1860 akwai bayi 274 a wannan gandu, kuma da yawa daga zuriyarsu sun riƙe sunan Washington.

Babbar ƙaruwar ta zo ne bayan haramta bauta a 1865, lokacin da mutum kusan miliyan 4 suka sami 'yanci. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekarunsu da jinsinsu da launinsu a ƙarƙashin sunan ubangijinsu. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta galibinsu da cikakken suna. Mai shiga soja, da mai ɗaura aure a hukumance, da mai sa hannu a yarjejeniyar aiki, duk suna buƙatar sunan iyali. Wasu sun riƙe na tsohon ubangijinsu domin dangin da aka sayar nesa su iya gano su. Wasu kuma sun zaɓi sabo, kuma babu sunan da ya fi na shugaban ƙasa na farko shahara. Ɗaukar wannan suna wata hanya ce ta nuna cewa mai shi ɗan ƙasa ne kamar kowa. Irin wannan ne ya faru da sunan Jefferson, shugaba na uku, wanda kimanin kashi 75 cikin ɗari na masu amsa shi a 2000 baƙaƙen fata ne.

Shahararren malamin nan Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a 1856, ya bayyana a tarihin rayuwarsa na 1901 cewa shi ya raɗa wa kansa sunan a ranar da ya fara zuwa makaranta, da ya ji sauran yara suna da suna biyu-biyu. Mijin mahaifiyarsa ma sunansa na farko Washington ne.

7.0 Yaɗuwa a Ƙarni na 20

Da farko masu sunan sun taru ne a jihohin kudancin Amurka, inda aka yi bauta. Daga shekarun 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 sun yi ƙaura zuwa biranen arewa da na yamma, suna gudun wariya suna neman aikin masana'antu, sunan kuma ya bi su. Walter Washington, haifaffen jihar Georgia, ya kama aiki a 1975 a matsayin zaɓaɓɓen magajin garin birnin Washington. Harold Washington kuma ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin garin Shikago a 1983. A ƙidayar 2010 masu sunan sun haura 177,000. A Kudancin Amurka kuwa sunan ya shiga ta wata ƙofa, ya zama sunan yanka, kamar na Washington Luís, shugaban Brazil daga 1926 zuwa 1930.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa suna guda ya bi hanyoyi uku. A Ingila ya bi jini da gadon ƙasa, shi ya sa ya kasance kaɗan. Zuwa Virginia ya bi ƙaura da fatauci. Bayan 1865 kuwa ya bi zaɓin mutanen da aka daɗe ana hana su ikon raɗa wa kansu suna. Don haka mai nazarin taswirar sunaye ya wajaba ya tambayi abu biyu kafin ya yanke hukunci: ta wace hanya mutanen suka sami sunan, kuma su wa aka bari a waje lokacin da ake rubuta takardun da ya dogara da su. Wanda ya ƙirga masu suna Washington a 1860 sannan ya sake ƙirgawa a 1870, zai ga sun ƙaru ƙwarai, alhali mutanen suna nan tun da, alƙalamin mai ƙidaya ne bai rubuta su ba.

Tambayoyi

1. A kawo rukunoni huɗu na sunayen iyali na Ingila, tare da misalin makamancin kowanne daga sunayen Hausa.
2. Me ya sa sunan sana'a ya fi sunan ƙaramin wuri yawa?
3. A bayyana hanyoyi uku da baƙaƙen fatar Amurka suka sami sunan Washington.
4. Wane bambanci ke tsakanin ƙidayar 1860 da ta 1870, kuma mene ne tasirinsa ga mai binciken sunaye?
5. A rubuta shafi guda kan yadda ake rubuta suna na biyu a takardun hukuma na ƙasar da ɗalibi yake zaune, a kwatanta da al'adar Hausawa.