Actinomycin D: dafin da muke auna wa yara don su rayu

Ƙamshin nan da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka, aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, dangin bakteriya da masana ke kira Streptomyces. Daga jikin ire-irensu aka samo wani magani da nake haɗawa a kai a kai, kasancewata mai harhaɗa magunguna a sashen yara masu cutar daji. Sunansa actinomycin D, amma a jikin kwalba dactinomycin za ku gani a rubuce.

A 1940 ne Selman Waksman da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka fara tace actinomycin a Jami'ar Rutgers da ke Amurka. Maganin ƙwayoyin cuta suke nema, kuma sun samu, domin yana kashe bakteriya. Sai dai dabbobin gwajin ma bai bar su da rai ba, saboda haka aka jingine shi. Waksman ya ci gaba da tonon ƙasa har ɗakin bincikensa ya gano streptomycin, maganin tarin fuka, wanda ya jawo masa kyautar Nobel a 1952. Wancan da aka jingine kuwa, wani likita a Boston, Sidney Farber, ya jarraba nau'insa na D a shekarun 1950 a kan yara masu kansar ƙoda da ake kira Wilms, ƙari ya riƙa motsewa. A 1964 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yadda yake aiki shi ne tushen amfaninsa da haɗarinsa duka. Kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da DNA, kundin umarnin rayuwarta, kuma kafin ta gina komai sai ta kwafi umarnin zuwa RNA. Actinomycin D yana kutsawa ya zauna daram tsakanin matakan DNA, musamman inda haruffan DNA na G da C suka haɗu, sai mai kwafin ya cije, kamar zif ɗin da zare ya maƙale a haƙoransa. Ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa su suka fi jin jiki. Na daji suna ciki, haka ma na ɓargo da na baki da na hanji da na saiwar gashi. Daga nan ake samun gyambon baki da zubewar gashi da ƙarancin jini.

Wannan cijewar ce ta sa masu bincike ke ji da shi. In suna son sanin tsawon lokacin da wani saƙon RNA ke ɗauka kafin ya lalace, sai su ɗiga maganin a kan ƙwayoyin da suke reno a faranti, sabon kwafi ya tsaya cak, su riƙa auna abin da ya rage sa'a bayan sa'a. Akwai ɗan'uwansa mai suna 7-AAD, wani rini da ke shiga matattun ƙwayoyi ya bar masu rai, da shi ake ƙidaya nawa wani sabon magani ya kashe.

A wurinmu kuwa, actinomycin D garin hoda ne mai launin ruwan ɗorawa zuwa ja, rabin miligiram a kwalba guda. Ba ya son haske. Da tsantsar ruwan allura ake narka shi, wanda ba a sa wa sinadarin hana lalacewa ba, in ba haka ba sai ya yi gudaji. Ana lissafa shi da mikrogiram bisa nauyin yaro, kuma kuskure ɗaya tsakanin mikrogiram da miligiram ninki dubu ne. Shi ya sa ba na yarda in sallami sirinji sai wani abokin aikina ya sake lissafin da kansa, ko da iyaye suna ƙorafin mun daɗe. Ta jijiya kaɗai ake ba da shi, in ya zubo ƙarƙashin fata yakan cinye nama. Uwa da ke riƙe da hannun ɗanta, da zarar ya ce wurin allurar na yi masa zafi, ta gaya wa nas nan take, kada kunya ta hana ta.

An sha tambayata ko za a iya sayensa a kemis a yi wa yaro a gida, tun da an ji cewa asalinsa maganin ƙwayoyin cuta ne. Ba a yi. Ba a ba da shi don maruru ko gudawa ko wani ciwon bakteriya.

Kansar Wilms ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin wani dunƙule mai tauri a gefen ciki lokacin wanka. A ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma suna warkewa. A nan abin da ke kayar da mu biyu ne: zuwa a makare bayan an gama zagayen masu sassaƙe, da yanke magani a tsakiya. Tsarin da aka fi bi shi ne mako huɗu na actinomycin D tare da wani magani mai suna vincristine, sannan tiyata, sannan a ci gaba da allura. Ciki yakan sace tun a makonnin farko, sai iyaye su ɗauka an gama su koma gida. Ba a gama ba, ƙarin yana nan. Haka matan da mabiyiyarsu ta rikiɗe ta zama daji bayan ɓari ko haihuwa, su ma wannan magani na cikin abin da ke warkar da su, muddin sun jure gwajin jini har likita ya sallame su.

Iyaye, ku nisanta yaron da ke kan wannan allura daga mai ƙarambau, domin haɗuwar biyun na iya kisa. In ya yi zazzaɓi, ko idonsa ya yi shawara, ko cikinsa ya kumbura farat ɗaya, ku kawo shi asibiti a daren, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.